Irin da Aka Liƙe a Tulu

Ranar da na fara ganin Nazifi, kansa na sunkuye cikin kwamfutar shagona. Ta ɗauke mini ne ana jiran hotunan wani biki, maƙwabta suka ce in kira shi. Ya buɗe ta, ya hure ƙura, ya tashe ta, sannan ya tambaye ni ba tare da ya ɗago ba: "Hajiya mai hoto, da ba ta tashi ba fa, ina hotunan mutane?" Na ja aljihun tebur na nuna masa faifan da nake kwafe komai a ciki. Ya ce, "Uwa da 'ya a ɗaki guda, ga rufinki na yoyo. Yaushe rabonki da ki buɗe shi ki ga ko yana aiki?" Ban taɓa ba. A cikinsa akwai bukukuwa da sunaye na rabin unguwarmu a Malumfashi, har da fuskokin tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda 'ya'yansu ba su da wani hotonsu sai wanda ke hannuna.

Tun daga nan yake roƙona abu ɗaya: a yi faifai na biyu a ajiye a gidansu, duk Alhamis in kai sababbin hotuna, mu buɗe tsofaffi mu tabbatar suna nan. Kullum amsata, "To, za a duba." Ba ƙyuya ce ta hana ni ba. Na san wadda take zuwa gidan su saurayi duk mako ta amsa tambayar da ba a yi mata da baki ba tukuna, ni kuwa bakina na da nauyi. Da hadari ya fara haɗowa a gabas, sai ya kai ni gaida Gwaggonsa Talle, wadda ta raine shi. Ta saurari ƙarar da ya kawo a kaina tana tsince wake a faifai, ta dube ni ta ce, "Zauna, 'yar nan, in ba ki misali."

Ta ce an yi wasu manoma biyu, gonakinsu na iyaka da juna. Da kaka ta yi, kowa ya zaɓi zangarniyar geron da ta fi cika, ya sussuke, ya ware iri. Na farko ya zuba nasa a tulu, ya barbaɗa toka, ya liƙe bakin da laka, ya tura ƙuryar rumbu. Duk wanda ya yi masa zancen shuka sai ya nuna rumbun da haɓa ya ce irinsa na nan. Na biyu ya raba nasa gida biyu, ya aika da rabi wurin ƙanwarsa da ke aure a ƙetaren gulbi. Da bazara ta kama, ya fasa tulunsa, ya ɗebi 'yan ƙwayoyi ya binne a tsingaro mai jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ajiye a gindin randa. Maƙwabcin ya yi ta dariya, wai ga mai noma a fasasshiyar tukunya. Aka yi kwanaki, tsingaro bai nuna ko ɗigon kore ba. Ashe ƙwari sun shiga tulun, sun cinye zuciyar ƙwayar sun bar ɓawo. Bai yi kuka ba. Ya ɗaura wa jakinsa mangala, ya haye gulbi tun yana rairayi, ya gwada na wurin ƙanwarsa, ya ga ya tsiro, ya ɗauko abinsa.

Da ruwan shuka ya sauka, na biyu ya saɓa sungumi ya fita da iyalinsa. A safiyar nan na farko ya fasa lakar tulunsa, ya cusa hannu, sai gari da ƙwari. Ya bi gida-gida neman iri, kowa na gona, kowa ya zuba nasa a rami. Ya nufi ƙetare, ya tarar gulbi ya kawo. Kafin ya samo ɗan mudu a kasuwar mako, ƙasa ta sha iska ta bushe. Shekarar nan maƙwabcinsa ne ya ciyar da gidansa. Gwaggo ta kaɗe faifanta ta ce, "Ba ajiya ce bai yi ba, 'yar nan. Ya yi ajiya, amma bai taɓa tambayarta lafiya ba."

Na zuba wa waken ido. Iska mai ƙanshin ruwa ta ɗaga labulen ɗakin, na tuna rufin shagona, kuma abin mamaki, zuciyata ba ta tsinke ba, sai ma na ji ta kwanta. Nazifi na tsaye a bakin ƙofa yana wasa da makullin babur, ya ƙi haɗa ido da ni.

Na ce, "Injiniya." Ya ɗago. "Ka sayo faifan. Duk Alhamis zan zo gidan nan, mu buɗe mu duba tare. Na yi alkawari, a gaban Gwaggo."

Makullin ya suɓuce masa ya faɗi. Gwaggo Talle ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. "Madalla," in ji ta. "Ni ma bari in fara tanadin biki tun yanzu, tunda masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya."