Hoto Na Bakwai

"Ki cire hoto na bakwai," Dogo ya ce ƙasa-ƙasa, yana miƙo mata wayarsa.

Ko kallon wayar ba ta yi ba. Sati uku tana gina wa kamfaninsu na kayan ɗaki wannan shafin na intanet: hotuna arba'in, kowanne yana buɗewa ko ya tsuke daidai da allon mai kallo. Ta nemi ra'ayin 'yan ofis, kowa ya leƙa kwamfutarta ya yaba, sai shi. Kuma na bakwai ya fi kowanne kyau. Teburin ɗakinta ne, ita ta ɗauka da hannunta.

"Me hoton ya yi maka?"

Ya saci kallon mutanen ofis. "Ke dai ki cire kafin Manaja ta gani."

Nan ta sha jinin jikinta. Dama ta daɗe tana zargin kujerarta yake hari. A gabansa ta tura wa Manaja shafin, ta naɗe hannu.

Ba a jima ba Manaja ta leƙo, waya a hannu. "Zo mana, ƙanwata."

Ashe kwamfuta ce take yanke ƙasan hoton. A waya yana fitowa a tsaye, cikakke. Can gefen teburin ga takardar kama aiki daga kamfanin da suke gogayya da shi, da sa hannunta ɓaro-ɓaro.

Manaja ta buɗa hoton da yatsu biyu.

"Aiki ya yi kyau," ta ce. "Har ranar da za ki fara ana iya karantawa."