Sarƙar gado da ƙwararren bogi

Ka ce kawunku za ku bai wa zinariyar mahaifiyarku ya yi mata kuɗi, don kada ya ji an raina shi. To zauna ka ji, ni dai raina ya riga ya ɓaci.

Wata tsohuwa ce ta rasu ta bar 'ya'ya uku, maza biyu da mace ɗaya bazawara mai marayu huɗu. Abin da ta bari lambu ne a bakin rafi, sai wata ƙatuwar sarƙa mai ɗaukar ido a cikin kumbo. Ranar rabon gado malami ya ce sai an san darajar sarƙar kafin a fitar wa kowa nasa. A kasuwar garin kuwa akwai maƙerin zinariya wanda ya gaji sana'ar wurin ubansa, shekara talatin yana goga zinariya a baƙin dutse, ya ɗiga mata ruwan gwaji, ya ɗora a sikeli a gaban mai kaya. Kuma abin da aka kawo masa ya ƙiyasta ba ya sayensa, don kada bakinsa ya bi aljihunsa. Bazawarar ta san da shi sarai, har ta buɗe baki za ta ambace shi. Sai kawunsu ya gyara zaman babbar riga. Shi fa ya je Makka sau bakwai, ya sha ganin zinariya a bayan gilashi, don haka a wurinsa ya gama sani. Ya ɗauki sarƙar ya jijjiga a tafin hannu, ya gartsa mata haƙori, ya ƙura wa ɗan hatimin da ke jikin maƙullinta ido, ya yanke mata kuɗi daidai da kason mace. Ko sikelin mai tumatir bai nema ba! Bazawarar kuma ta sunkuyar da kai, wai yaya za ta ƙaryata ƙanen uwarta a gaban mutane, uwar ko kwana arba'in ba ta yi a ƙasa ba. Maza suka ɗauki lambu, ta ɗauki sarƙa, shaidu suka shaida, aka shafa fatiha.

Damina biyu bayan haka ɗakin da take ciki da marayunta ya rushe. Ta ƙulle sarƙar a bakin zane ta nufi maƙerin nan, tana lissafin kwano da katako a zuciyarta. Ya goga ta a dutse, ya ɗiga ruwa, layin da sarƙar ta bari a dutsen ya yi kore ya ɓace. Ya sake gogawa a wani wurin don ta gani da idonta. Jan ƙarfe ne aka yi wa wankan ruwan zinariya, hatimin kuwa ko ɗan koyo yana iya buga shi. Ta koma wurin 'yan'uwanta tana kuka, suka ce rabo ya riga ya rabu gaban shaidu, albasar lambun ma sun kwashe ta sau biyu. Ta je wurin kawun, ta durƙusa ta faɗa masa. Ka san abin da ya ce? Ko gezau bai yi ba, yana jan carbi ya ce, "Haƙuri za ki yi, 'yar nan, Allah bai yi rabonki ba ne." Ka ji fa rashin ta-ido! Shi ya yi karambani, shi ya yanke hukunci a kan abin da bai sani ba, sannan ya jingina wa Allah. Wallahi har yau idan na tuna maganar nan sai in ji zuciyata tana tafasa. Da ya ce ban sani ba, ku kai wa masu ita, rawaninsa ba zai faɗi ba. Da ita ma ta daure ta yi magana ta minti ɗaya, da za a ce ba ta da kunya na kwana biyu a manta. Ta kare masa girmansa, shi bai kare mata komai ba, ta ƙare da 'ya'yanta a zauren maƙwabta.

Shi ya sa Hausawa suka ce kunyar mara kunya asara ce.