Sallama Kafin Ruwa

Tun da kamfani ya karɓe rijiyoyin fadama, injin ban-ruwa da manhajarsu yake tashi, ita kuwa irin kamfani kaɗai take shayarwa. Albasar Malam Barau ta gado ce, ga shi har ta fara kwanciya.

'Yarsa Lantana ta zo da wata manhaja a filashin kwamfuta, ta soka wa injin.

"Baba, in ya kunnu zai tambayi wacce za a tayar. Ka ce 'ta filashi' kawai. Muryarka kaɗai ya sani."

Injin ya tambaya. Malam Barau ya gyara tsayuwa. "Salamu alaikum. An tashi lafiya? Ya aiki?"

Bai kai ga tambayar gajiya ba, lokacin jiran injin ya ƙare, ta kamfani ta tashi. Ruwa ko ɗigo.

A kashe, a kunna, haka suka yi ta fama har rana ta take.

"Haba Baba! Inji ne fa, ba surukinka ba!"

"Ke! Da furfurata zan roƙi ruwa ba sallama?"

Ta haɗiye tsaki, ta shiga saiti, ta tsawaita jiran da injin ke yi. Malam Barau ya gaisa son ransa, sannan ya ce, "Ta filashi."

Ruwa ya ɓulɓulo cikin kwamin albasa. Malam Barau ya washe baki.

Sai injin, da bai taɓa amsa gaisuwa ba, ya ce a hankali, "Lafiya lau, Malam Barau. Ya albasa? A gaida Lantana."