Hannun da Tausayi Ya Dunƙule

Zauna, Tasi'u. Na ce ka zauna, ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. An ce jiya ka kori ma'aikacin asibitin da ke zuwa miƙe wa babanka ƙafa, wai don ka ji tsohon yana kuka. Har da cewa ba za a kashe maka uba a gabanka ba. Sannu, mai uba. Ni da muka fito ciki ɗaya da shi, ni ce ba na son sa ke nan? Tun da aka kwance masa ɗaurin karayar nan gwiwar take a lanƙwashe, kai kuma ka tsaya a bakin ƙofa kana gadinta. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Buɗe kunnenka ka ji misali.

Wasu mata ne guda biyu masu ginin tukwane, rami ɗaya suke gasa kayansu. Kowace ta kawo nata a jera, a lulluɓe da kara da ciyawa, a cinna wuta. Ran nan wuta na tsaka da ci sai jerin ya zame gefe guda. Su biyun suka kai hannu don tare randunan da suka sha wahalar ginawa, kowace ta ƙone tafin hannun dama har tsakanin yatsu. Da ciwon ya fara kamewa, ungozomar garin ta duba, ta gaya musu magana ɗaya. Ta ce sabuwar fata janyewa take yi, don haka a riƙa shafa man kaɗe ana buɗe yatsun safe da yamma, ana jan su har inda za su kai, ko da kuka ko babu. Ta farkon a gidan yayarta take jinya, wata mace mai busasshen ido wadda ba ta san lallashi ba. Takan danne hannun a cinyarta ta ja yatsun ɗaya bayan ɗaya, ƙanwar na ihu ana ji har bakin rijiya, tana ce mata marar imani. Maƙwabta suka yi ta Allah wadai. Ko a jikinta, gari na wayewa za ta sake. Abin da masu surutun ba su lura da shi ba, ihun kullum raguwa yake. Jan da ya kusa sumar da ita a farko, kafin wata ya mutu cije leɓe kawai take yi. Gaba kaɗan sai ga ta tana hira ana ja, har da kanta take cewa a ƙara. Kuma ba yayar ce ta sassauta ba, jikin ne ya saba, ya daina jin kowane ja kamar yanka.

Ta biyun kuwa mijinta ne a kanta, irinka sak, mai raunin zuciya da saurin tausayi. Ranar da aka fara ja ta yi ƙara ɗaya, sai ya zabura ya fatattaki ungozoma, ya ce matarsa ba jaka ba ce. Ya samo tsumma mai laushi ya naɗe hannun, ya hana ta taɓa ko ludayi. Gari ya yi ta yabonsa, ga miji na gari. Yatsun nan suka yi ta shigewa cikin tafi a hankali, ba wanda ya ce musu kanzil. Ka san abin takaicin? Zafin da ya gudar mata bai tafi ko'ina ba, ƙaruwa ya yi. Hannun da ba a taɓawa ya zama ko gefen zane ya goge shi sai ta zabura, ko ruwan alwala ya zuba sai hawaye. Da kaka ta yi aka koma gini, ta zauna gaban yumɓu, hannu ya ƙi buɗewa. Sai a lokacin gogan naka ya kwashe ta zuwa wurin maɗori. Maɗori ya juya hannun, ya girgiza kai, ya ce an makara, wannan sai dai a karya. A hanyar dawowa suka bi ta kasuwa don randar gidansu ta fashe, kuma wa ke sayarwa in ba abokiyar ƙunarta ba, da tabonta da komai, tana ƙwanƙwasa sababbin tukwane da yatsun nan biyar. Matar da ta gina wa rabin garin randa, ita ce ta tsaya mijinta yana taya mata ta wata. Ba ta yi ihu ba ranar. Ta dube shi kawai ta ce, "Da ka bar ni na yi kukana."

To Tasi'u, so kake babanka ya gaya maka wannan maganar daga kan tabarma, lokacin da masallacin ƙofar gida ma ya gagare shi? Tashi ka nemo ma'aikacin asibitin nan ka ba shi haƙuri tun gwiwar tana jin magana. In kunnenka ba zai iya ɗaukar kukan ba, fita ka bar gidan, ni gwaggonka zan riƙe ƙafar. Magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.