Manyan Idanun Tuhin

Likitar ta juya kaina gefe, ta kwantar da ni da sauri. Ɗakin ya shiga juyawa. Kwana uku ke nan jiri na ɗibata, har na sa a raina mutuwa zan yi in bar Tuhin, ɗana ɗan wata bakwai.

"Daga kunne ne, ƙanwata, ba ya kisa," in ji ta.

Surukata, da ke riƙe da yaron, ta taɓe baki. "Raki ne kawai. Wanke-wanke take gudu."

Likitar ba ta yi dariya ba, Tuhin take kallo. "Dama haka idanunsa suke da girma?"

"Ƙaruwa ma suke," surukata ta ce, tana gyara ɗigon kwallin goshinsa saboda bakin mutane. "Duk garin Rangpur babu irinsu. Na kakansa ya ɗauko."

Likitar ta haska masa tocila. Bai ƙifta ba.

"Inna, wannan ba kyau ba ne, kumburi ne. Kakan nasa yana gani?"

Ni ce nake yi wa tsohon jagora kowace safiya.