Giɓin Jadawali

"Anti, jadawalinki ya yi giɓi kamar bakin tsohuwa," in ji sabon malamin, yana dariya. Ya nuna fuskar kwamfutar. Sunayen 'yan aji uku ne, layi shuɗi, layi fari, har ƙasa. Amma a tsakiya farare biyu sun haɗu.

"Bar shi haka, Malam," in ji mai buga takardun makarantar, a hankali.

"Haba Anti! Da hannu kike shafa launin, layi bayan layi? Kawo ki ga aikin zamani."

Kafin ta buɗe baki ya janye linzamin, ya danna nan, ya danna can. Launukan suka jeru da kansu. Ya adana.

"Kin gani? Ko an cire wani, nan take wurin zai rufe, kamar bai taɓa zama a ajin ba. Af, wa ma aka cire?"

Ta daɗe tana bin layukan da yatsa, tana neman giɓin da take buɗewa ta kalla kowace safiya.

"Autana ne," ta ce. "Farkon zangon nan ya rasu. Layinsa shuɗi ne."