Ƙarfen Tagar Baya

Jami'in kashe gobara ya kama ƙarfen tagar da hannu biyu ya girgiza. Ƙarfe bai motsa ba, shi ne ya ce sabon gidan bai yi ba. Luzviminda Macaraeg, wadda kowa ke kira Minda, ba ta taɓa ganin an kayar da aiki saboda ya yi ƙwari ba sai ran nan.

Dokar ba ta da wuyar ganewa. Duk mai son ƙarfe a taga, wato kowa a garin Batangas, sai ya bar 'yar ƙofa a jikinsa, makulli kuma a rataye a gefe, inda ko yaro zai miƙa hannu ya ɗauka. Ƙofar gida kuma ta buɗu daga ciki ba tare da makulli ba. In ba haka ba, babu takardar izinin shiga. In babu takarda, ba za a sa mitar wuta ba. Gidan hayar da take ciki kuwa an riga an sayar, an ce ta tashi ƙarshen wata.

"Aling Minda, ai walda ce ta rabin yini," in ji jami'in, wani saurayi mai suna Panganiban, yana kiranta Aling don girmamawa. Ya leƙa ɗakin baya, inda ƙarfen ya fi kauri, bai ga komai ba sai gado da kujera. "A nan za a ajiye zinariyar?"

"A nan," ta ce.

Ta ɗaukaka ƙara. Aka sa mata rana, aka ɗaga saboda bikin waliyyin gari, aka sake ɗagawa saboda shugaban kwamiti ya ci abin da bai karɓe shi ba a wurin bikin. Duk zuwan da za ta yi sai ta roƙi maƙwabciyarta, Aling Pacing, ta zauna mata a gida. Da farko kwanon taliya ya isa godiya. Daga baya Pacing ta fara zancen ciwon gwiwa.

Ranar zaman, mutum uku ne a bayan teburi, fanka ɗaya tana raba musu iska bisa ga muƙami. A bango akwai hotunan tsofaffin shugabannin kashe gobara. Minda ta ja kujerarta ta ba su baya, ta ɗora wayarta a cinya.

Ta zo da shiri. Za ta yi girki a waje. Tukunyar gas ba za ta kwana a gidan ba. Za ta sa abin kashe wuta a kowane ɗaki, har banɗaki. Za ta yarda a yanka 'yar ƙofar, in dai makullin zai zauna a wuyanta.

"In kin tafi kasuwa fa?" in ji shugaban, Dioscoro Villaluz, mutum mai taushin murya, irin ta wanda ya daɗe yana cewa a'a. "Wuyan naki zai zauna a gida?"

Na gefensa ya yi dariya, ya kira ta Ate, wato yaya. "Ate, ɓarayin unguwarku ma sun koma Manila neman aiki. Me kike ɓoyewa ne?"

Wayar ta yi rawa a cinyarta. Pacing ce. Ta kife ta.

Villaluz ya nuna wani hoto a bangon da ke bayanta. Ba ta waiwaya ba.

"Wancan shi ne Anacleto Bagasbas, shi ya koya mini aiki. Shi ya shiga wani bene a bayan kasuwa bayan wuta ta mutu, ya tarar da iyali guda a jikin taga, hannayensu a kan ƙarfe. Makullin yana aljihun mai gidan, ya tafi coci. Bagasbas bai bar majalisar gari ta huta ba sai da ta kafa wannan doka. Shekaru ke nan ba a ganinsa, an ce yana Amurka wajen 'ya'yansa, yana hutawa. In ya ji na bar makulli a wuyan mutum, jirgi zai hau ya zo ya mare ni."

Akwai magana ɗaya a bakin Minda. Ta auna ta, ta ga ba za ta ba ta takarda ba. Iyakarta su sunkuyar da kai, kafin la'asar kuma gari duka ya ji. Ta haɗiye.

"Na gode, ranka ya daɗe," ta ce.

An kori ƙarar cikin ladabi. Panganiban ma ya raka ta har bakin titi, ya ba ta sunan mai walda mai sauƙi.

Ta iske Pacing ta jingine kujera a ƙofar gidan haya, tana fifita da murfin kwali.

"Sau nawa zan kira ki? Ruwa kawai na juya in sha, sai na ga wayam. Wani mai keke ne ya tsinto babanki a kan gada, ba takalmi, yana tare motoci. Minda, ni na gaji. Ki nemi wata."

Tsohon yana tsaye a falo, ƙafafunsa duk ƙura, yana shafa taga da tafin hannu. Ya dubi Minda kamar yadda ake duban baƙuwa.

"Yarinya, gidan wane ne wannan?"

"Namu ne, Tatay. Zo ka zauna, babana."

"Ki gaya wa mai gidan kada ya kuskura ya kulle mutane a ciki."

Ta ce to, za ta gaya masa. Ta ɗauko ruwa a roba ta durƙusa tana wanke masa ƙafa. Ya manta sunanta, ya manta hanyar gida, ya manta matarsa ta rasu, amma dokarsa kam Anacleto Bagasbas bai manta ko kalma ɗaya ba.